Lugude a cikin akwatin sifika: abin da lissafi ke iya gyarawa a sauti

Wata tiwita, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ce ta jefa ni cikin wannan magana. Washegarin wani biki aka kawo akwatunan sifika biyu rumfar wani mai gyaran rediyo da nakan zauna hira wurinsa, mai kayan yana ta rantsuwa cewa sababbi ne fil. Da aka kunna, bes yana nan yana dukan ƙirji, amma muryar mawaƙin kamar an cusa masa tsumma a baki. Mai gyara ya kwance 'yar ƙaramar sifikar ta sama, ya kai hanci, ya miƙo mini. Ƙauri. Wayar da ke naɗe a ciki, wadda da kaɗan ta fi gashin kai kauri, ta yi baƙi ƙirin. Ya zura hannu cikin akwatin ya zaro kafasita ƙwaya ɗaya tak, ya ce, "Alhaji, wannan ɗan abin shi ne duk maigadin da aka ajiye mata. Ko sabuwa na sa maka, biki na gaba za ka dawo."

Dalilin da ya sa ake raba aiki tsakanin sifikoki tun farko ba shi da wuyar ganewa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 a sakan har zuwa kusan 20,000, abin da ake aunawa da haz. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan cikin iska, don haka igiyar sauti mai haz 100 tsawonta ya haura mita uku, mai haz 10,000 kuwa ba ta kai santimita huɗu ba. Sauti mai kauri yana buƙatar faffaɗar fata, wato takardar nan mai siffar mazurari, da za ta tura iska da yawa. Siririn sauti yana buƙatar abu mara nauyi da zai je ya dawo sau dubu goma a sakan. Babu fata ɗaya da ke yin biyun da kyau, kamar yadda ba a neman muryar kalangu a jikin tambari. Sai aka ba wufa, wato babbar sifikar, kauri, aka ba tiwita siriri, aka ajiye mai rabo a tsakani. Shi ne masu sana'a ke kira kurosoba.

Tsohuwar hanyar rabon, wadda har yau ita ce a cikin mafi yawan akwatuna, kafasita ce da koyil, wato naɗaɗɗiyar waya. Kafasita tana tare wa tiwita kauri, koyil yana tare wa wufa siriri. Sai dai tarewar ba katanga ba ce, gangara ce. Kafasita guda tana rage desibel 6 ne kawai (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a duk ninki, wato duk lokacin da kaɗawa ta ragu da rabi. Idan an yanka a haz 3,000, to a haz 750 ragin bai wuce kimanin desibel 12 ba, alhali duk sanda aka sauko da ninki ɗaya fatar sifika na buƙatar tafiya ninki huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Ƙara da mai kiɗan da ya mirɗe amfilifaya har ta fara tsagewa, tana aman ƙarin siririn sautin da babu shi a waƙar, ka ga inda ƙaurin ya fito. Akwai kuma wata damuwar da ba a gani da ido. Om 8 da aka rubuta a bayan sifika, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, suna ne kawai, don turjiyarta na hawa da sauka gwargwadon sautin da ake ba ta, kuma wayar tagulla idan ta ƙara zafi da digiri 100 turjiyarta na ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ma'ana kurosobar da aka lissafa da safe cikin sanyi ba ita ce ke aiki ba da ƙarfe sha ɗayan dare lokacin da fili ya yi zafi.

Amma wurin da maganar ta fi zaƙi shi ne mahaɗa, ɗan yankin da wufa da tiwita ke furta sauti ɗaya a lokaci ɗaya. Duk wanda ya taɓa kallon mata biyu suna lugude ya san tsarin: taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi. A turmi wannan gwaninta ce. A iska asara ce, domin idan wufa ta tura iska gaba a daidai lokacin da tiwita ta ja ta baya, sai su cinye juna, a samu rami a tsakiyar muryar mutum. Kowace matatar sauti kuwa, ban da rage ƙara, tana ɗan jinkirta wani sashe na sautin, ta sauya masa taku. Matatar da injiniyan Ingila Stephen Butterworth ya bayyana a 1930 ita aka daɗe ana amfani da ita. Idan aka ɗauki mai gangarar desibel 12, sai wufa da tiwita su faɗa lugude sak a mahaɗa. Masu haɗa sifika sukan juya wayoyin tiwita, ja ya koma wurin baƙi, don takun ya daidaita. Ramin ya tafi, amma tudu ya maye gurbinsa, saboda a mahaɗa kowacce na ba da kusan kashi 71 cikin ɗari na ƙarfinta, jimilla 141, ƙarin desibel 3 ke nan.

Maganin ya fito ne daga wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Hewlett-Packard a Amurka, Siegfried Linkwitz da Russ Riley, waɗanda aikinsu na albashi ma ba sifika ba ne. A 1976 Linkwitz ya wallafa dabarar a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti: a jera matatun Butterworth biyu, ɗaya bayan ɗaya. Da haka kowace sifika na sauka zuwa rabi cif a mahaɗa, rabi da rabi ɗaya ne, ba tudu ba rami. A irin mai gangarar desibel 24, wadda ta fi yaɗuwa, takun biyun ma ɗaya ne a ko'ina, don haka sautin na fitowa tsaye zuwa ga mai sauraro maimakon ya karkata sama ko ƙasa. Shekara kusan hamsin ke nan, kuma duk na'urar sarrafa sauti da za ka buɗe yau za ka tarar da sunan mutanen nan biyu a jerin zaɓinta.

To me ya canza da aka koma lambobi? Sarrafa sigina ta lissafi, abin da ake taƙaitawa da DSP, yana farawa ne da aunawa. Ana auna tsayin igiyar sauti sau dubbai a sakan, a rubuta kowane awo a matsayin lamba. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sau 44,100, kayan bidiyo da na situdiyo sun fi son 48,000. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunayen Harry Nyquist da Claude Shannon ta tabbatar da cewa muddin yawan awon ya haura ninki biyu na sauti mafi siriri da ake son kamawa, babu abin da ya ɓace. Da zarar waƙa ta zama jerin lambobi, matata ta zama lissafin ɗan firamare da ake maimaitawa da gudu. Tubalin da aka fi gini da shi ana ce masa bikwad: a ɗauki lambar da ta shigo yanzu, da biyun da suka gabace ta, da amsoshi biyu na baya, a ninka kowacce da wani adadi da aka zaɓa, a tara. Ninkawa biyar ke nan, sau 48,000, wato 240,000 a sakan, aikin da aisi, ɗan guntun lantarkin da ke cikin iyafis na Bluetooth, ke yi yana hamma. Sauya waɗannan adadi biyar kawai, sai matatar ta rikiɗe daga mai tare kauri zuwa mai tare siriri, ko mai ɗaga wani ɗan lungu na sauti. Bikwad biyu a jere su ne Linkwitz-Riley mai desibel 24. Ba ya jin zafi, ba ya tsufa, kuma wanda ke tashar hagu da na dama tagwaye ne har ƙwayar lamba ta ƙarshe.

Farashin shi ne rabon na faruwa kafin amfilifaya, saboda haka kowace sifika na buƙatar tata. A da wannan tsada ce, yanzu da amfilifayoyi suka yi araha ya zama ruwan dare, tun daga ƙananan akwatunan miniDSP na Hongkong har zuwa masu ɗora manhajar CamillaDSP a kan 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Kuma a cikin kuɗin nan aka samu maigadi na gaske: ana iya kafa wa tiwita iyakar wutar da ba za ta taɓa wucewa ba, ko mai kiɗa ya mirɗe maɓalli har ƙarshe.

Ni dai abin da na fi ganin darajarsa shi ne jinkiri, wanda da kafasita da koyil yake da wuyar gaske, a lambobi kuwa ajiye awo ne na ɗan lokaci a sake shi. Wufa na da zurfi, don haka sautinta yakan taso daga baya da tiwita, a ce da santimita uku. A haz 2,000, inda igiya ke da tsawon santimita 17, wannan kusan kashi ɗaya cikin shida ne na zagayen taku, ya isa ya ɓata duk kyakkyawan lissafin Linkwitz. A awo 48,000, kowane awo ɗaya daidai yake da tafiyar milimita bakwai, sai a riƙe tiwita awo huɗu, magana ta ƙare. Dabarar nan ce kuma maganin amsa-kuwwar da ke hana jin huɗuba a manyan filaye. Sautin da ke bin waya yana isa lasifikar baya nan take, wanda ke bin iska daga gaba kuwa sai ya yi milisakan 100 kafin ya ci mita 34. Mutumin da ke sahun baya sai ya ji kowace kalma sau biyu. A jinkirta ta bayan da milisakan 100, su iso kunnensa tare.

Kuskuren da sababbin shiga ke yi shi ne su zaɓi desibel 24 a allo su ɗauka sun gama. Ita sifikar tana da tata gangarar da nata tudun, kuma abin da ya fito a iska shi ne abin lura, ba abin da aka rubuta a manhaja ba. Dole a kafa makirfon awo, a saki sauti mai hawa daga ƙasa zuwa sama, a kalli zanen. Manhajar REW ta John Mulcahy kyauta ce, wannan aikin take yi.

Akwai wani nau'in matata da 'yan kasuwa ke yawan tallatawa, FIR, wanda ba ya waiwayar amsoshinsa na baya kamar bikwad. Yana ɗaukar dogon jerin awo ne, dubbai, ya ninka kowanne da nasa adadin. Abin alfaharinsa shi ne yana iya yanka sauti ba tare da ya taɓa taku ba ko kaɗan. Gaskiya ne, amma ba a banza ba. Mai tsawon awo 4,096 sai ya jira rabinsu kafin ya furta komai, jinkirin kusan milisakan 43 ke nan. Ga mai sauraron waƙa a ɗaki ba komai, ga mawaƙin da ke jin muryarsa na dawo masa a makare kuwa masifa ce. Kuma idan aka matsa masa da yanka mai tsini, yakan fara wani ɗan amo kafin bugun ganga ya iso, abin da ba ya faruwa a duniyar Allah, inda amo bin bugu yake yi. A daidai gaban sifika amon wufa da na tiwita suna share juna, ka matsa gefe kaɗan sai sharewar ta ragu. Me ake saye da duk wannan? Jinkirin da Linkwitz-Riley ke jawowa a haz 2,000 bai wuce kimanin rubu'in milisakan ba. A haz 80, inda tsarin THX na sautin sinima ya saba miƙa aiki ga babbar wufa ta ƙasa, ya haura milisakan biyar, kuma a nan ne kawai nake ganin akwai abin tattaunawa. Sauran, a ganina, kyau ne na zane a allo fiye da na kunne.

A sifika aƙalla an san inda aka dosa: abin da ya shiga ya fito daidai, layi miƙaƙƙe. A hedifon wannan tabbacin ma babu. Yawancin hedifon fata ɗaya ce a kowane kunne, ba ruwansu da kurosoba, kuma ikwalaizar da ake gyara su da ita, mai ɗagawa ko sauke sassan sauti, bikwad ɗin nan ne dai, da maɓallai uku: wane wuri, desibel nawa, faɗin nawa, tsarin da George Massenburg ya gabatar a 1972. Kayan aikin a hannu suke. Tambayar ita ce a gyara zuwa ina?

Idan aka auna hedifon a dodon kunne aka ga layi miƙaƙƙe, to wannan hedifon zai yi sauti kamar daga cikin tulu. Dalili kuwa, sautin duniya ba ya isa dodon kunne yadda ya taso. Kai da kafaɗa da lanƙwasar fatar kunne duk suna taɓa shi, ramin kunne kuma, bututu mai tsawon kimanin santimita biyu da rabi, yana ɗaga abin da ke kusa da haz 3,000 da fiye da desibel goma. Ƙwaƙwalwa ta saba da wannan tudun tun ranar haihuwa, shi take ɗauka a matsayin daidai. Ba banza yake ba, a yankin nan ne baƙaƙen magana ke rarrabewa, shi ya sa ƙahon lasifikar masallaci da ba shi da bes ko kaɗan ake gane abin da ladani ke faɗa daga nesa. Hedifon da ya danne kunne, balle iyafis da ya shige rami, ya tsallake wani sashe na wannan hanyar, don haka dole ya kwaikwayi tudun da kansa. Shi ya sa ake auna su da kan roba mai kunnen gwaji, irin KEMAR da aka fitar a 1972, ko na kamfanonin Denmark guda biyu, GRAS da Brüel & Kjær.

An daɗe ana jayayya kan wane irin tudu za a kwaikwaya. Na farko sun ce na sifika ɗaya a gabanka a ɗakin da ba ya amo. A 1986 Günther Theile na Jamus ya kawo hujjar cewa a bi na ɗakin da sauti ke zuwa daga ko'ina daidai wa daida. Sai daga 2013 Sean Olive da Todd Welti na kamfanin Harman, mai JBL da AKG, wanda Samsung ta saye a 2017, suka bi ta wata hanyar. Suka ce ai a gaban sifikoki a cikin ɗaki ake haɗa waƙa, to a auna kyakkyawar sifika a kyakkyawan ɗaki da kan roba, a fara daga nan, sannan a miƙa wa mutane maɓallin bes da na tirebul su mirɗa har ya yi musu. Wayon da ya fi burge ni a gwaje-gwajensu shi ne amfani da hedifon guda ɗaya, a sa lissafi ya riƙa mayar da shi kwaikwayon wasu, ta yadda mai sauraro bai ga suna ba, bai san farashi ba, bai ji laushin soso ba. Abin da ya fito shi ake kira layin Harman: tudun kunne yana nan, da ƙarin bes daga wajen haz 100 zuwa ƙasa, kuma na iyafis ya fi na babban hedifon yawan bes. Sun kuma nuna cewa tsadar hedifon ba ta cika tafiya da yadda mutane ke son sautinsa ba.

Masu bin layin nan a intanet wani lokaci har sun fi Harman ɗin zaƙewa. Binciken kamfanin da kansa ya raba masu sauraro gida uku: kusan kashi 64 cikin ɗari sun so shi yadda yake, kashi 15 sun nemi ƙarin bes, kashi 21 sun nemi a rage. Matasa da maza sun fi karkata ga ƙari, manya da mata ga ragi. Fiye da mutum ɗaya cikin uku ke nan layin bai zauna musu daidai ba. Ƙasashen da aka yi babban gwajin bes da tirebul a cikinsu kuma Amurka ne da Kanada da Jamus da Sin. Mutumin da rabin saurarensa karatun Alƙur'ani ne da labaran rediyo, a cikin adaidaita sahu mai ƙara, ba lallai abin da ya yi wa mai zaman ɗaki shiru a Kalifoniya ya yi masa ba. Mafari ne mai kyau, na yarda, ya fi kintace nesa ba kusa ba.

A aikace abin ya yi sauƙi har ya ba da mamaki. Wani ɗan Finland, Jaakko Pasanen, ya rubuta manhajar AutoEq da ke ɗaukar awon dubban hedifon, ta cire shi daga layin da ake so, ta ba ka adadin da za ka zuba a Equalizer APO a kwamfuta ko Wavelet a wayar Android. Na gwada da wani hedifon mai arha da bes ɗinsa ke danne komai, matata biyar suka fito da muryar mai waƙa kamar an buɗe taga. Sai dai akwai lamba ɗaya a saman jerin da mutane ke tsallakewa, mai alamar ragi. Lambobi suna da rufi. Idan ka ɗaga bes da desibel 6, dole ka fara sauke waƙar gaba ɗaya da desibel 6, in ba haka ba kan igiyar ya daki rufin ya tsage. Bayan nan sai ka ƙara murya, kuma desibel 6 ɗin nan ninki huɗu ne na wuta a wurin bes, wanda ƙaramar fata da raunanniyar waya ba lallai su iya bayarwa ba. Shi ya sa aske tudu ya fi cike rami aminci. Siririn rami mai zurfi ma kada a taɓa shi, lugude ne na sauti da amonsa a cikin kofin hedifon, duk wutar da ka zuba cinye kanta za ta yi.

Sannan kan roba ba ya sa tabarau, ba ya sa hula, ba ya ɗaura ɗankwali. A rufaffen hedifon ƙaramar kafa tsakanin soso da fata ta isa ta zubar da bes fiye da duk abin da ikwalaiza ta ƙara, soson da zufa ta cinye ya lotse kuma ya mayar da shi wani hedifon daban da wanda aka auna. Kamfanoni sun san da wannan. AirPods Pro da Apple ta fitar a 2019 na da makirfo mai kallon cikin kunne, yana jin abin da ke isa, yana gyara kauri da tsakiya nan take.

Sama da haz 8,000 zuwa 10,000 kuwa awon kansa ba abin rantsuwa ba ne. Igiya a nan gajeriya ce, ta kai girman lungunan kunne, kuma kunnen gwajin da aka fi amfani da shi ba a gina shi don ya wakilci mutum a can sama ba. Cire hedifon ka mayar, tsinin da ke zanen ya matsa. Tura iyafis ciki da ɗan milimita, ya sake matsawa. A wannan yankin nakan ajiye adadin kowa in nemi nawa: in rage murya sosai, in saki sauti tilo yana hawa a hankali daga haz 4,000, in saurari inda zai yi tsalle ya soki kunne, in rage wurin da desibel uku ko huɗu. Da iyafis ɗin da nake sawa kullum na same shi wajen 7,500 a kunnen hagu, na dama kuma ya ɗan fi ƙasa. Da robar bakin ta yage na sa wata mai ɗan tsawo, sai da na sake neman duka biyun daga farko.